Zaɓen Tayar Jela ga Tsohon Ƙaramin Jirgin Sama: Daga Sifirin Ake Farawa

Jiragen da wannan jagora ta shafa su ne ƙananan nan masu manyan tayoyi biyu a gaba da 'yar ƙarama ɗaya a ƙarƙashin jela, irin su Piper J-3 Cub da aka ƙera tsakanin 1938 da 1947, da Aeronca 7AC Champ, da Cessna 120 da 140 da suka fito a 1946, da Cessna 170, da PA-18 Super Cub. Na gabansu ko tayar ma ba su da ita. Jiragen DH.9A na sojan saman Ingila da suka fara sauka a Kano a 1925 wani dungu suke ja a ƙasa, shi ne birkinsu kuma shi ke tsayar da jela a layi. Zuwan titin kwalta ne ya tilasta sa taya a wurin.

A irin wannan jirgi cibiyar nauyi tana bayan manyan tayoyi, saboda haka muddin yana gudu a ƙasa jelar neman wuce kai take yi. Idan akwai gudu sosai, ruda, wato faifan jela mai karkata jirgi dama da hagu, ita ke riƙe ta. Da gudu ya ragu iska ta daina cin ruda, aikin ya koma kan 'yar tayar nan. In ta kasa, jirgi ya wulwula a tsakiyar titi, bakin fiffike ya daki ƙasa, wani lokaci ƙafar gaba ta karye.

Da farko, tabbatar tayar ce ta mutu

Yawancin masu neman sabuwar taya karkarwa ce ke kawo su: jirgi na sauka, jela ta kama kaɗawa dama da hagu da ƙarfi har a ji a ƙafa. Sau da yawa kuma laifin ba na tayar ba ne, na sifirin ɗin da take rataye a kai ne, wato fallayen ƙarfen nan biyu zuwa huɗu da suka fito daga ƙarƙashin jirgi suka lanƙwaso baya. Wanda ya ɗora sabuwar taya a kan sifirin da ya gaji zai ga karkarwar ta dawo bayan 'yan saukoki, kuɗinsa kuma sun tafi.

Ga yadda ake dubawa. A loda jirgin yadda aka saba tashi da shi: mai a tanki, mutum a kujerar baya, kaya a ma'ajiyar kaya. A tura shi gaba mita uku ko huɗu a kan daɓe mai laɓɓa domin tayar ta miƙe ta bi bayansa. Sai a tsuguna a gefe a kalli sandar juyi, wato sandar tsaye da gwafar taya ke juyawa a kanta. Abin da ake so shi ne ta tsaya cak, ko kuma samanta ya ɗan kwanta baya gindinta ya yi gaba, kamar yadda wuyan keke yake kwantowa wajen mai tuƙi. Idan samanta ne ya karkata gaba, sifirin ya miƙe, kuma karkarwa ba za ta bari ba komai sabuntar taya. Ma'aunin laɓɓa na waya ya isa a ga wannan: a ɗora shi a kan faifan juyin, wato faifan da ke kwance a inda gwafa ke juyawa, bakin gaba ya kamata ya yi daidai da na baya ko ya ɗan ɗara shi tsawo. Awon da aka yi jirgi na fanko yaudara ne, domin da mutum ya zauna a baya sifirin ke buɗewa. Kwanciyar bayan ita ma kada ta yi yawa, in ba haka ba sitiyari ya yi tauri.

Bayan wannan sai a tokare manyan tayoyi gaba da baya, a ɗaga jela a ɗora ta a kan jakin katako a wurin da littafin jirgin ya nuna, ba a kan yadin da ya lulluɓe jiki ba. Kada a ɗaga ta fiye da buƙata, domin jelar waɗannan jirage takan yi sauƙi yayin da take hawa, jirgi na iya kifawa ta hanci. A kama tayar a girgiza ta ta kowace fuska. Motsi tsakanin kan taya da sifirin na nufin bol ya saki ko ramin ya faɗaɗa. Motsi a sandar juyi na nufin bushin ko boris ya ci. A juya tayar da hannu a saurara, ƙarar gurzawa ƙura ce ta shiga boris. A duba babban falle da fitila a gefen ramin bol da kuma daidai inda falle na biyu ya ƙare, nan ne tsaga ke farawa. A jiragen da jikinsu bututun ƙarfe ne da yadi, a duba bututan ƙasa na kusa da jela da kyau: nan ne wuri mafi gangara idan jirgi na tsaye, ruwan damina da ya shiga jiki can yake taruwa, tsatsa ta ci ta ciki fenti yana nan lafiya.

In bushin ne, ko boris, ko faifan gogayya, gyara ya fi saye araha, kuma tayoyin jela irin Scott 3200 da Maule duk ana samun kayan cikinsu. Canji ya wajaba ne idan gwafa ko kan ya tsage, ko mazaunin boris ya buɗe, ko kayan cikin irin tayar sun ɓace a kasuwa, ko kuma filin da ake amfani da shi ya sauya.

Sifirin da ya miƙe kuwa, sabo ake saya. Kada a kai wa maƙeri ya gasa shi ya lanƙwasa, wuta na kashe taurin ƙarfen. Walda a kansa ba ma abin magana ba ne.

Takarda kafin kasuwa

Kowane jirgi mai shaidar ƙira yana da takardar da ake kira TCDS, wadda ta lissafa kayan da aka yarda a sa masa. Ta J-3 Cub mai injin Continental ita ce A-691, ta Champ A-759, ta Cessna 120 da 140 A-768, ta Cessna 170 A-799, ta Super Cub 1A2. A tsofaffin takardun nan ana samun tayoyin jela a jerin kayan ƙafa, da sunan kamfani da nauyi da nisan wurin daga ma'aunin farko, wato layin da ake fara duk awon nisa a jikin jirgi daga kansa. Tayar da ke cikin jerin, sa ta canjin kaya ne kawai. Wadda ba ta ciki sauyi ce ga ƙirar jirgi, tana buƙatar takardar izinin sauya ƙira, wato STC, da ta ambaci ainihin samfurin jirginka, kuma ga jirgi mai rajistar Najeriya, wato 5N, sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta karɓi sauyin kafin a ɗaura. A nemi wannan amincewa kafin a tura dala. Wani abu da ke ruɗin masu sayen tsohon jirgi daga Amurka shi ne fom 337 na izinin da aka ba wa wani jirgi: izinin na wancan jirgin ne shi kaɗai, ba ya bin taya zuwa wani.

Sabuwar taya ta zo da shaidar fitowa, fom 8130-3 na Amurka ko fom 1 na EASA, hukumar kula da jiragen sama ta Tarayyar Turai. Tayoyi irin na Matco da ake yi don jiragen haɗin gida suna da kyau a inda aka yi su dominsa, suna da araha kuma, amma injiniya mai lasisi ba zai sa hannu a kansu a jirgi mai shaidar ƙira ba tare da takardar izini ba.

Wace iri ce ta dace da filin

Iri uku ne ake zaɓa a ciki.

Akwai ta roba zalla mai inci 6, irin Scott 2000 da Maule SFSA da Lang. Ba ta faci, ba ta da nauyi, ba ta neman iska. Amma duk wani gargada da tsagar kwalta kai tsaye take miƙa shi ga ƙarfen jela, tana da ƙara, tana nitsewa a rairayi da taɓo, kuma idan ta tsufa robar kan lafe a gefe ɗaya ko ta rabu da ƙarfen tsakiya.

Akwai mai iska ta inci 8, wadda Scott 3200 ce uwa a cikinta, da ABI 3200 da ake ƙerawa a kan tsarinta har kayan cikinsu na shiga juna, da Maule SFS-P8. Tayarsu lamba 2.80/2.50-4 ce mai tub. Ta fi taushi, ta fi hawa ƙasa mai laushi, ta fi sauƙaƙa wa tsohon ƙarfen jela. Illarta ita ce nauyi da faci.

Sai manyan nan masu faɗi irin Baby Bushwheel, da aka yi don tsakuwar bakin kogi da rairayi. Suna buƙatar gwafa mai faɗi, kwalta na cinye su da wuri, kuma sun fi saurin kama karkarwa. Jirgin da zamansa filin Malam Aminu Kano ne, inda titi da hanyoyin shiga duk kwalta ne, ba shi da abin yi da su, ado ne mai tsada.

Ra'ayinmu: ga Cub ko Champ mara nauyi wanda ba ya barin kwalta, ta roba zalla ta isa, muddin tana cikin jerin jirgin. Ga Cessna 170 da Super Cub, ko duk jirgin da ke sauka a filin marmara ko na gona, mai iska ta inci 8 ce. Sai dai a san cewa filin ƙasa a ƙasar Kano bayan damina cike yake da tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, kuma tayar jela sirara ce. Wanda ya zaɓi mai iska ya riƙa yawo da tub da taya na ajiya da ƙaramin famfo a cikin jirgi. Tafiya a kan tayar jela da ta sace, ko ta mita ɗari ce, na iya lalata bakin rim.

Babbar taya kuma tana ɗaga jela. Matuƙi zai ɗan fi ganin gabansa, amma kusurwar da fiffike ke yi da iska idan jirgi na zaune a kan tayoyi uku ta ragu. Sakamakon shi ne jela kan riga manyan tayoyi taɓa ƙasa idan an sauka a hankali sosai, kuma tashi daga gajeren fili na iya ɗan ƙara tsawo.

Zafin Kano ma yana da hannu. Filin jirgin yana kusan ƙafa 1,560 sama da teku. A watan Afrilu idan zafi ya kai digiri 40, iskar ta yi shara-shara kamar ta ƙafa 5,000, jirgi zai taɓa ƙasa da gudun da ya ɗara wanda agogon gudu ke nunawa da kashi 7 zuwa 8 cikin 100. A gudun kilomita 80 a awa, tayar inci 8 tana juyi kusan 2,000 a minti, ta inci 6 kuwa ta haura 2,700. Wannan lissafi shi ne amsar mai cewa ai tayar amalanken hannu mai lamba iri ɗaya tana nan a kasuwa da araha. Lambar ɗaya ce, amma an yi ta ne don tafiyar ƙafa.

Awon da za a yi kafin oda

Nan ne oda ta fi lalacewa, kuma kayan da suka taso daga Amurka suka bi ta kwastan ba a mayar da su cikin sauƙi.

A auna faɗin fallen sifirin a ƙarshensa. Wanda aka fi samu inci 1¼ ne, ko 1½, ko 1¾. Kan taya yana da kwarin da fallen ke zama a ciki, dole su yi cif. Kan Scott 3200 an yi shi da faɗi, ana cike shi da ƙarfen ciko idan fallen siriri ne, kuma cikon daban ake odarsa. In babu shi kan zai riƙa juyawa a kan bol, ramin ya faɗaɗa, wata rana bol ya tsinke. A ƙirga ramukan bol, ɗaya ne ko biyu. A auna kaurinsa: AN7 shi ne inci 7/16, AN8 rabin inci. A auna kaurin fallayen da bol zai ratsa domin a san tsawonsa, zaren bol bai kamata ya faɗa cikin ramin da ke ɗaukar nauyi ba. Bol da noti na jirgi ake sawa, sababbi. Na kasuwar Ƙofar Ruwa na iya shiga ramin, amma ba wanda ya san irin ƙarfensa.

A lura da kusurwar ƙarshen sifirin. Kowane kan taya an ƙera shi ne don wata kusurwa, don haka sauya daga Maule zuwa Scott, ko daga ƙarama zuwa babba, na iya buƙatar sabon sifirin gaba ɗaya kafin sandar juyi ta tsaya daidai. Cessna 180 da 185 kuwa ba falle gare su ba, sanda ce zagayayya, kan tayarsu daban ne, kada a haɗa su da waɗannan.

Sai hannun sitiyari, wato ƙarfen nan mai kunne biyu da sarƙoƙin da ke haɗa taya da ruda ke kamawa. Akwai miƙaƙƙe, akwai mai kunnuwa a ɗage sama. Wanda ya dace shi ne wanda zai sa sarƙa ta tafi kusan a miƙe daga ƙahon ruda, wato ƙarfen gindin ruda da sarƙar ke maƙale a kai, zuwa kunnen. Sarƙar da ke ja sama da ƙarfi tana lanƙwasa hannun, tana cin faifan ciki, tana kuma wahalar da ƙahon ruda.

A cikin oda ɗaya a haɗa: tayar, ƙarfen ciko, bol da noti da washa, fin na kulle noti, sarƙoƙi biyu da ƙananan sifirin ɗinsu da maƙalai, tub biyu masu lanƙwasasshen bawul, taya ɗaya ta ajiya, boris da murfin ƙura. Idan sifirin ya daɗe ba a san shekarunsa ba, a haɗa da aƙalla babban falle da robar da ke tsakaninsa da jikin jirgi.

Nauyi

Mai iska takan fi ta roba zalla da laba 2 zuwa 3. Ƙaramin abu ne a hannu, amma a can ƙarshen jirgi yake. Misali: jirgi mai laba 800 fanko, cibiyar nauyinsa inci 14 bayan ma'aunin farko, an ƙara masa laba 3 a inci 200. Lissafin shi ne 800 sau 14, wato 11,200, a tara da 600 ya zama 11,800, a raba da 803. Cibiyar ta koma kusan inci 14.7. Kusan kashi bakwai cikin goma na inci ke nan, a jirgin da duk iyakar da aka ba shi 'yan inci ne. Da fasinja a baya da kaya, wannan na iya fitar da shi daga iyakar baya, inda jirgi ke wuyar farfaɗowa idan fiffike ya saki iska, kuma ya fi son wulwulawa a ƙasa. A ɗora tsohuwar da sabuwar a kan sikeli, kowace da sarƙoƙinta da cikonta, a yi lissafi da ainihin bambancin.

Ɗaurawa da saiti

A share ƙarshen sifirin daga tsatsa da tsohon fenti. A duba bakin falle na biyu, idan yana da kaifi a goge shi ya yi santsi don kada ya riƙa yankar babban falle. A ɗaura kan, a matse bol da sifanan awo gwargwadon littafin jirgi ko na mai taya.

Idan za a haɗa taya da tub, a fitar da iska gaba ɗaya kafin a kwance bol ɗin rim, domin rim ɗin gida biyu ne. A barbaɗa hoda a tub, a ɗan sa masa iska ya zagaye kafin a haɗa rim don kada ya cije shi. A hura da famfon hannu mai agogo. Kwamfuresan mai faci na cika 'yar tayar nan cikin ƙiftawar ido. Yawan iska na littafin jirgi ne, kuma ya fi na manyan tayoyi nesa ba kusa ba. Ƙarancin iska na kawo karkarwa, yana sa taya ta zame a kan rim ta yanke bawul, ko ta kwance gefe yayin kwana. A riƙa aunawa kafin kowane tashi, da ido ba a ganewa.

Sarƙoƙi a saita su jirgi na ƙasa da nauyinsa, ruda a tsakiya, taya a miƙe. Kada su yi lilo, kada kuma su ja sifirin ɗinsu sosai. Masu lilo suna sa matuƙi ya taka feda ba amsa sai daga baya, sai ya ƙara takawa, jela ta wuce. Masu ɗauri da yawa suna hana tayar kuɓucewa, suna cin ƙahon ruda. Idan an ɗaga jela babban sifirin ya saki, sai a sake dubawa cewa ruda na kaiwa ƙarshe dama da hagu ba abin da ya riƙe ta. Kayan Maule na hana karkarwa suna zuwa da sifirin sarƙa biyu waɗanda ƙarfinsu ba ɗaya ba ne da gangan, kada a ɗauka kuskure ne, a bi takardarsu wajen sanin gefen kowane.

A gwada kuɓucewa. Waɗannan tayoyi suna bin ruda zuwa wani mizani, daga nan wani ɗan harshe a ciki ya saki, tayar ta juya yadda ta ga dama don a iya juya jirgi a wuri ɗaya. Jela na sama, a kai ruda ƙarshe a tura tayar da hannu: ta saki a kowane gefe da ƙarfi kusan ɗaya, ta kuma koma ta kulle da kanta idan an dawo da ita tsakiya. Wadda ke saki da wuri haɗari ce a iskar gefe. Notin sandar juyi kuwa ana matse shi har a ji ɗan riƙo ba tare da girgiza ba. Matse shi fiye da haka don kashe karkarwa ɓoye ciwo ne kawai, sitiyari ya yi tauri, faifan gogayya ya ƙone.

Giris a sa shi daidai. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hazo na manne wa duk wanda ya fito waje ta zama abin gurza, don haka a goge rarar, a kuma rage tazarar wanke boris fiye da yadda littafin da aka rubuta don filayen ciyawa ya tanada. Tayar jela ce ke shan duk ƙurar da farfela da manyan tayoyi suka tayar.

Gwajin tafiya a yi shi da sassafe kafin iska ta tashi, da izinin hasumiya. A fara da tafiyar ƙafa, kwana dama da hagu, juyi cikakke ta kowane gefe da taimakon birki, sannan a ƙara gudu kaɗan kaɗan a miƙe. In karkarwa ta taso a sassauta jan sanda baya don nauyi ya ragu a kan jela, a rage gudu, a koma a sake duba sandar juyi da iska. Bayan saukoki biyar zuwa goma a sake matse bol ɗin kan taya da na sifirin, domin sababbin fallaye da roba kan zauna su saki. Injiniya ya rubuta lambar tayar da takardar da aka dogara da ita a kundin jirgi, ya gyara jerin kaya da takardar nauyi, ya sa hannun sallama kafin jirgin ya ɗauki fasinja.